Akuyar da Ke Ƙirjin Alƙali

A Tartu, a watan da rana ke leƙowa ta koma,
kogi ya daskare har gindin gada,
Helve Raudsepp ta sauke alƙali daga bango.
Shekara ɗari biyu yana zaune cikin firam,
gemu a taje, hannu bisa littafin doka,
fuska irin ta wanda aka ci wa bashi aka hana.

Ba neman komai ta fito ba.
Fenti ne ya tsage a gefen kunnensa,
tsaga siririya kamar silin gashi,
sai ta ce a haska shi da na'urar nan
mai gano karaya a cikin ƙashi.

Priit, yaron kwamfuta, ya kunna allo
yana taunar baƙin burodi da kifi mai gishiri.
Can sai taunar ta tsaya.

Ƙarƙashin rigar alƙali, daidai ƙahon zuci,
ga ƙaho biyu na gaske.
Ga kunne a karkace. Ga gemu, wani gemun daban.
Ga ido mai tsaga a kwance yana dubansu
kamar zai ce: sai yau kuka ga damar zuwa?

Akuya.
Da farar dalma aka zana ta, wadda haske ba ya ratsawa,
tana tsaye kan ganga, igiya a wuya,
ƙafa uku sun samu,
ta huɗun layi biyu ce kawai da aka fara aka bari.

Helve ta cire tabarau, ta yi lissafin da ba ya cikin littafi:
ƙyallen zane da tsada a wancan zamani,
mai zane da yunwa, alƙali da kuɗi,
akuya kuwa ko sisi ba ta biya.
Ya shafe ta da baƙi, ya ɗora mata mutum.
Ciki ba ya jiran a gama ƙafa.

Priit ya ce, bari manhaja ta ƙarasa mana ita.
Minti uku, allo ya haifo akuya fes,
gashi na sheƙi, ƙafa huɗu, ciyawa, gajimare,
har da ƙararrawar da babu hannun da ya taɓa zanawa.
Helve ta duba, ta ce, goge.
Wannan akuyar kowa da kowa ce.
Tamu gurguwa ce, kuma wani ya san sunanta.

Endel mai gadi ya shigo yana kakkaɓe ƙanƙara daga hula.
Shekara ashirin da uku yana tsaye kusa da hoton nan.
Ya ce, ai na sani.
Bai sani ba.
Amma, in ji shi, kullum mutumin nan
kamar mai danne atishawa yake.

Shugaban gidan ya so a kankare a fito da ita.
Helve ta girgiza kai:
ba a kwance akuyar nan sai an yanka alƙali,
shi ma kuwa wani ya ɓata dare a kan idonsa.
Ta ɗauki burushi mai gashi uku,
ta ɗinke tsagar kunne, shi ke nan aikinta.

Yanzu ya koma bangonsa, ƙaramin allo a gefe.
'Yan makaranta na zuwa da jiƙaƙƙun takalma,
su tsaya gaban mai shari'a su ce masa meee,
Endel ya yi kamar bai ji ba.

Da yamma, a bas mai lamba huɗu,
wani dattijo ya zauna gabanta cikin baƙar kwat,
maɓalli har wuya, jaka a cinya, fuska a murtuke.
Helve ta dubi ƙirjinsa, ta ƙara duba,
dole ta juya ga taga
ta toshe baki da safar hannu.